Ɗigo Bakwai na Tudun Faru

Ka taɓa tambayar kanka wa ya yanke cewa unguwarku ba ta buƙatar ruwa? Sau da yawa ba mai unguwa ba ne, ba kuma kansila ba. Wani ne zaune a ofis mai sanyi, gabansa kwamfuta. Ya zana iyakar mazaɓarku a taswira, ya sa ɗigo ɗaya a madadin kowace rijiya, ya danna, manhaja ta ƙirga masa ɗigon da suka faɗo cikin layin. Inda ɗigo ya yi yawa ta shafa shuɗi, inda ya yi kaɗan ta shafa ja, kuma ja ake tura wa motar haƙa. Wannan ƙirgen ne ya so ya cinye Tudun Faru, kuma wanda ya tsinci kansa a tsakiyar maganar mutum ne da ba a aikensa sayen gishiri sai an haɗa da addu'a.

Sunansa Tunau. Gida ɗaya yake da yayarsa Inna Delu, wadda ta rene shi ta kuma yi masa aure, da matarsa Laraba mai ƙuli-ƙuli. Tunau ba malalaci ba ne, ba shi da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Matsalarsa ɗaya: abin da bakinka ya furta shi zai yi, ba ya ƙari, ba ya ragi. Laraba ta taɓa ɗora masa dawa a ka, ta ce ya je ya duba ko injin niƙa yana aiki. Ya je, ya duba, ya dawo da dawar a kansa, ya ce mata yana aiki.

Inna Delu tana da 'ya, Barira, wadda ta gama karatun taswira a jami'a ta sami aikin wucin gadi da wata ƙungiya mai haƙa rijiyar burtsatse. Rijiya ɗaya tak ƙungiyar za ta haƙa a yankin kafin damina. Aka ba Barira waya, aka ce ta ɗauko ɗigon duk wurin shan ruwa a mazaɓarsu. Ta yi murna har da ƙwalla, don ta san ruwan garinsu. A yashin ƙorama ake tono shi, tafiya mai nisa, kuma wuyan Inna Delu har ya daina juyawa sosai saboda dakon jarka. Barira ta sa a ranta cewa rijiyar nan ta Tudun Faru ce. Sai Inna ta kafa sharaɗi: budurwa ba ta yawon bayan gari ita kaɗai, kawunta zai riƙa bin ta. Barira ta yi magiya, ta kawo hujjoji, ta ce za ta nemi ƙawa. Inna ta ce ta gama magana.

Wata rana aikin kwamfuta ya tsare Barira a gida, sai ta ga ai danna waya ba wani abu ba ne. Ta zaunar da Tunau ta nuna masa wurin dannawa sau uku, ta ce duk inda ya ga ruwan da mutane ke sha, ya tsaya ya danna. Ya maimaita mata kalma da kalma, har ta ji daɗi. Ya fita da hantsi. Bai yi nisa ba, don randar gidansu ce ta farko. Ya danna a kanta, ya danna a kan tulun Laraba, ya shiga maƙwabta da sallama ya danna a kan jarkokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya bi butocin masallaci. Ya tare wata mata da ke dawowa daga ƙorama ya ce ta tsaya cak, ya danna a kan abin da ke kanta. Abin da Barira ta manta shi ne, wayar tana tura kowane ɗigo kai tsaye zuwa ofis da zarar ta sami sabis. Kafin la'asar shugabanta, Injiniya Lawandi, ya kira yana dariya, ya ce yana taya ta murna, ashe garinsu ya fi babban birni ruwa, ko za ta roƙa musu a ja musu bututu daga can.

Ta ajiye waya ta juya ga Tunau. Ta ce, “Kawu, randa rijiya ce?”

Ya ce, “Ruwan cikinta ba a sha?”

Ta kwana tana goge ɗigo, tana danna madannai kamar su suka yi mata laifi.

Da ta gama gogewa ne ainihin masifar ta bayyana. Ɗigo bakwai suka rage a cikin iyakar Tudun Faru: famfon tuƙa-tuƙa shida da tsohuwar rijiya ɗaya. Famfunan duk na lokacin zaɓe ne, kowanne da allonsa da hoton wanda ya gina, kuma babu wanda ya kai damina biyu yana ba da ruwa. Rijiyar kuwa ta ƙafe tun Barira tana firamare. Amma manhaja ba ta san haka ba. Ta ƙirga bakwai, ta shafa wa garin shuɗi mai kyau. Mazaɓar Marke da ke maƙwabtaka, mai famfo uku masu zubar da ruwa, ita ta fito ja. Barira ta kira Injiniya Lawandi ta bayyana masa, ta ce a ƙara wurin da za a nuna ko rijiya tana aiki ko ba ta yi, aikin da ba zai ɗauki shan shayi ba. Ya ce tsarin da aka amince da shi ƙirgen ɗigo ne, ba sauraron labari ba, kuma kowa in aka bar shi garinsu ne ya fi kowa ƙishirwa. Ya ƙara da cewa bayan abin randuna bai yarda da ɗigonta ba, ta sake ɗauko bakwai ɗin daidai.

Wata rana suka fita sake ɗaukowa. Zafi ya kai zafi, Barira ta zauna gindin wata tsamiya tana duba taswira, ta miƙa wa Tunau waya ta ce ya ƙarasa tsohuwar rijiya. Don kada a sake, ta ja masa kunne: ba daga nesa ba, ba daga gefe ba, ya tsaya a tsakiyarta daidai sannan ya danna. Tunau ya isa, ya zagaya bakin rijiyar, ya ga tsakiyarta iska ce, ba wurin sa ƙafa. Ya yi tunani iya nasa. Ya ari igiyar wani mai jaki, ya ɗaura a kututture, ya zura kansa har ƙasa, ya auna tsakiya da taku, ya danna. Ƙullin da ya yi wa igiyar irin na ɗaurin akuya ne, sai ga ta ta biyo shi ciki. Barira ta jira har inuwa ta juya. Da ta isa sai ta ji murya daga ƙarƙashin ƙasa tana cewa an danna. Sai da aka tara maza aka jawo shi, ya fito furu-furu da ƙura, ko bakin wandonsa bai jiƙe ba.

Cikin rami waya ba ta ganin tauraron ɗan'adam sosai, don haka ɗigon ya yi tsalle ya faɗa can cikin iyakar Marke. Barira ta daɗe tana kallonsa. In ta bar shi a can, nasu ya ragu, na Marke ya ƙaru, kuma ba ita ta sa shi ba. Ta yi tsaki, ta jawo shi ta mayar wurinsa. Abin da ya fi ba ta haushi ke nan a ranar: ita ce da hannunta ta mayar wa garinsu rijiyar da ba ta da ko ɗigon ruwa.

Wata rana tana zaune a zaure tana faɗa da kwamfuta, Tunau yana tsugune yana leƙe. Manhaja ta ƙi ƙirgawa, don sabon layin iyakar da aka turo daga ofis bai haɗe ba, akwai ɗan giɓi ta gabas. Barira tana magana ita kaɗai, ta ce muddin ba a rufe nan ba, babu abin da zai ƙirgu. Tunau ya tambaya ina ne nan ɗin. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce daidai burtalin gabas. Ita ta ja layi ta haɗe a cikin ƙiftawar ido, ta ci gaba da aiki. Shi kuwa ya ɗauki gatari. Ya sare ƙaya ya tare burtali daga wannan gona zuwa waccan, shinge mai kauri da ko zomo sai ya yi shawara. Da yamma shanun Ardo Jaɓɓi suka dawo daga kiwo, suka sami hanyar da suka gada a toshe, suka karkata suka bi ta cikin rogon mai unguwa.

Washegari Barira ta durƙusa a ƙofar mai unguwa, Ardo a gefe yana huci, rabin gari a tsaye. Aka tambayi Tunau wa ya sa shi, ya nuna ta da yatsa cikin ladabi. Mai unguwa ya dube ta ya ce shi bai yi boko ba, amma yana so a fahimtar da shi ko shekarun da ta yi a jami'a na koyon tare hanyar shanu ne. Aka yi dariya. Ga shi mai unguwar nan ne take fatan ya sa baki a maganar rijiya. Ta ba da haƙuri, ta ba Ardo haƙuri, Inna Delu ta aika da kwanon ƙuli-ƙuli gida biyu. A hanya Barira ta yi gaba da sauri ta bar kawunta a baya. Shi kuwa sai tambaya yake ko yanzu ya ƙirgu.

Wata rana abin ya ishe ta. Ta sake kiran Injiniya Lawandi ya ƙi ɗauka, ta tura masa hotunan famfunan da tsatsa ta ci, ya amsa da cewa hoto ba ya cikin tsari. Ta wurgar da waya kan tabarma ta ce wa Inna, da za a kwashe matattun famfunan nan a fitar da su bayan iyaka, da kowa ya huta. Tunau yana gyaran keke a tsakar gida. Ya ari sifana wurin mai faci, ya ari amalanke, ya je famfon bayan makaranta ya kwance kan famfon da mariƙinsa, ya tumɓuke allon da hoton mai shi, ya tura har cikin ƙasar Marke, ya jera su a gindin wata bishiya. Yana dawowa ɗaukar na biyu 'yan sintirin Marke suka riƙe shi a matsayin ɓarawon ƙarfe. Barira ce ta je karɓo shi, ta tsaya tana bayanin ɗigo da iyaka ga mutanen da ke riƙe da gora, suna kallonta kamar ita ce ta fi buƙatar a ɗaure.

Da aka sake shi, suna tura amalanke gida da kayan famfo, ya ce, “'Yar nan, duba mini wayar. Ya matsa?”

Ta ce, “Kawu, ɗigo ba ya bin ƙarfe.”

Ya ce, “To me yake bi?”

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tura amalanke.

Labarin ya isa ofis, don mutanen Marke ba su yi ƙasa a gwiwa ba wajen kai shi. Injiniya Lawandi ya kira ya ce zai zo da kansa tare da shugaban ƙungiya, Alhaji Gwadabe, su ga gari da ido, a rufe magana, a tura mota Marke. Ya ce daga nan kuma ta kawo wayar ofis.

Wata rana, ranar zuwan baƙi, gari duka ya taru a ƙofar mai unguwa tun hantsi. Mota ba ta ƙetare kwazazzabon da ke bakin gari, sai a ajiye ta a ƙaraso da ƙafa, don haka dole wani ya je taryen baƙi. Barira tana jera hotuna da bayanan da za ta gabatar, ba ta iya tashi. Ta duba ba kowa kusa sai Tunau. Ta kama hannun rigarsa ta ce, “Kawu, don girman Allah ka saurare ni. Ka je ka taro su. Duk inda suka ce ka kai su, ka kai su. Kuma kada ka buɗe baki, ko me suka tambaye ka.” Ya gyaɗa kai, ya riga ya fara.

Aka yi ta jira. Rana ta take, aka yi azahar da ruwan da mata suka ɗebo tun asuba, tuwon baƙi ya huce, mai unguwa ya fara duban Barira ta wutsiyar ido. Ta kira wayar Injiniya, sabis ya ƙi. Sai wata mata da ta dawo daga itace ta ce ta hango Tunau ta bayan maƙabarta da wasu mutum biyu masu manyan riguna, ɗaya yana ɗingishi. Barira ta zari mayafi ta fita. A ranta ta riga ta gama da shi. Ta shirya kalmomin da za ta faɗa masa, irin waɗanda 'ya ba ta faɗa wa ƙanin uwarta.

Abin da ya faru, kamar yadda ta ji daga baya, shi ne: baƙi sun sauka a bakin kwazazzabo lokacin azahar ya shiga. Alhaji Gwadabe dattijo ne da ba ya jinkirta salla, ya ce a fara neman wurin alwala. Injiniya Lawandi ya buɗe taswira a allon kwamfutarsa ta hannu ya ce wannan ai mai sauƙi ne, garin nan kewaye yake da ruwa, ga ɗigo nan kusa. Ko gorar ruwan da ke mota ba su ɗauka ba. Ya nuna wa Tunau wajen ya ce ya kai su. Tunau ya kai su. Injiniya ya kama hannun famfo ya tuƙa, ya tuƙa, sai ƙarar ƙarfe da ƙadangaren da ya fito a guje. Alhaji ya tambayi Tunau ko akwai mai aiki, Tunau ya dube shi da baki a rufe, suka ɗauka bebe ne. Injiniya ya ce wannan ɗaya ne kawai, ga wani can. Tunau ya kai su can. Daga can ya kai su na gaba. Famfunan duk a bayan gari suke, kowanne a kusurwarsa, inda mai ginawa ya sami filin banza, kuma mutanen da za su iya faɗa musu gaskiya duk suna ƙofar mai unguwa suna jiransu.

A bakin tsohuwar rijiya Barira ta same su, ɗigo na bakwai. Injiniya Lawandi yana zaune a kan kututture, takalmi ɗaya a hannu, rigarsa ta manne da bayansa. Inuwa ta yi tsawo, lokacin azahar yana shirin fita. Alhaji Gwadabe ya durƙusa, ya buga tafukansa a busasshiyar ƙasa, ya shafi fuska, ya sake bugawa ya shafi hannuwa. Ya shimfiɗa babbar rigarsa ya tayar da salla. Injiniya shi ma ya sunkuya ya bugi ƙasa. Barira ta jingine kalmomin da ta taho da su, ta koma gefe ta jira su idar.

Da aka sallame, Alhaji ya ce a miƙo masa allon. Ya daɗe yana kallon shuɗin da ya lulluɓe Tudun Faru. Ya ce, “Injiniya, taswirarka ta ce alwala, ga shi mun yi taimama. Wanne zan kai wa kwamiti?”

Injiniya ya fara bayanin tsari. Barira ta tari numfashinsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, “Ranka ya daɗe, ku yini ɗaya kuka yi. Mahaifiyata kuwa duk shekarunta a haka ta yi su.” Muryarta ta fi ƙarfin yadda ta so, ba ta kuma rage ta ba.

Alhaji ya juya ga Tunau ya tambaya da hannu ko yana ji. Tunau ya dubi Barira. Ta ce ya yi magana. Alhaji ya zabura da ya ji bebe ya gaishe shi, ya ce to me ya hana shi kai su inda ruwa yake tun farko.

Tunau ya ce, “An ce in kai ku inda kuka ce. Ba ku ce ƙorama ba.”

Nan bakin rijiyar Alhaji ya miƙa wa Barira allon, ya ce ta sa manhaja ta ƙirga ɗigon da ke ba da ruwa kawai. Ta ware matattun, ta danna. Ƙirge ya fito babu ko ɗaya. Shuɗin ya gushe, Tudun Faru ta koma ja wur, jan da ya fi na kowace mazaɓa a allon. Motar haƙa ta zo kafin ruwan farko, sai da aka cike gefen kwazazzabo da duwatsu ta wuce. Injiniya Lawandi bai taɓa cewa ya yi kuskure ba. A rahotonsa ya rubuta cewa an inganta tsari.

Abin da ke ci wa Barira rai har yau shi ne, ba hotunanta suka ceci garin ba, ba kuma bayaninta ba. Sai da dattijo ya rasa ruwan alwala. Sauran mazaɓun da ke cikin allon nan, waɗanda ba su da kawun da zai yi wa manya zagayen rana, suna nan da shuɗinsu da matattun famfunansu.

Don haka gobe ka je famfon unguwarku ka kama hannunsa ka tuƙa. In bai kawo ruwa ba, ka ɗauki hotonsa, ka tara maƙwabta, ku je wurin duk wanda ke riƙe da taswirar yankinku ku tambaye shi ɗigo nawa ya ƙirga muku. Ku ce ya zo da butarsa babu ruwa, ya yi alwala a kowanne, wanda ya gagara kuma ya goge shi a gabanku.